Babban dandali ko ƙofar gidan biki?

Mai shirya wasanni: Na faɗa kuma ina kan bakana, mawaƙin da bai hau babban dandali ba har yanzu ɗan koyo ne. Ku tuna Maradi Kolliya, bikin ranar jamhuriyar Nijar da aka yi a Maradi a 2015: baƙi daga jihohi duka, telebijin na ɗauka. Wanda ya yi waƙa a ranar, har Diffa an ga fuskarsa.

Makaɗin kalangu: Ƙanena, an ga fuska, to me ya shiga aljihu? A babban taro sai a ba ka minti goma, bayan jawabin manya, mutane sun gaji da rana. Kuɗin kuma ka yi ta zarya kafin su fito. A biki a unguwar Bagalam na san amarya, na san kakanta, in na taɓo kirarin gidansu gwaggonta da kanta za ta taso ta liƙa min jika a goshi. Kalangu magana yake yi, sai wanda ke kusa yake jin abin da ya ce. In aka cusa shi cikin manyan lasifika, ƙara kawai ta rage.

'Yar wasan kwaikwayo: Baba, gaskiyarka ta wani ɓangare. Mu ma a ƙaramin fili muka fi jin daɗi, don dariyar 'yan kallo ce ke gaya maka ka ja magana ko ka taƙaita. Amma a ƙauye wa zai ba mu fitila da labule? Wasa mai mutum ashirin sai gidan al'adu.

Mai shirya wasanni: Yauwa Hajiya. Kuma Baba, filin kokowa fa? Tun 1975 da Kantu ɗan Maradi ya ɗauki takobin gasar kokowa ta ƙasa ake cika fili, makaɗa na tsakiya. Wannan ƙaramin taro ne?

Makaɗin kalangu: Can ɗan kokowa ɗaya nake yi wa kiɗa, yana gabana, ina ganin tsikar jikinsa na tashi. Dubban da ke zaune shaidu ne kawai.

Matashin mawaƙi: Abin da ke ci mini rai, a manyan wasannin yanzu waƙa ake sakawa a na'ura, mu riƙa motsa baki. A biki ba ka isa ba, mata za su gane nan take. Yaya, in ka shirya na gaba, ka ɗauko makaɗa na gaske, ka biya rabin kuɗi kafin mu hau, zan zo.