Neman shawara: tun da aka haɗe kamfanoninmu, rosta ta hana ni barci

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana da na kamfani. Ni matuƙin jirgin sama ne, mataimakin kyaftin, ina zaune da iyalina a wajen Hotoro, kuma tun da na kama aiki daga filin jirgin Malam Aminu Kano nake tashi. Kwanan baya aka haɗe kamfaninmu da wani da ya fi mu girma, aka ce kowa ya koma kan manhajarsu ta tsara rosta, wato jadawalin ranakun aiki da na hutu.

Da can mutum ne ke tsara mana. Ya san mai mara lafiya a gida, ya san wanda zai aurar da ƙanwa, kana zuwa ku daidaita. Yanzu kowane wata sai ka shiga manhaja ka jera abin da kake so, ita kuma ta raba bisa jerin daɗewa a aiki. Da aka haɗa jerinmu da nasu sai na tsinci kaina can ƙasa, bayan yaran da na riga shiga jirgi. Duk abin da manya suka ƙi, ni ke kwasa: tashin asuba, kwanan Legas, da zaman ko-ta-kwana.

Abin da ya fi damuna shi ne in hazo ya jinkirta mu muka sauka da tsakar dare, manhaja kan nuna hutuna ya cika kamar yadda doka ta ce, alhali barcin da na samu bai taka kara ya karya ba. Sai ka ji idonka na yaji, kanka ya yi nauyi, kuma daidai lokacin za a fara sauka. Ga mahaifiyata, ni nake kai ta asibiti, yanzu ko rana ɗaya ba na iya yi mata alkawari. In na rubuta rahoton gajiya ina tsoron a sa mini ido, don ana raɗe-raɗin rage ma'aikata. In yi shiru ne, in rubuta, ko in fara neman aiki a ƙasashen Larabawa?

Kyaftin mai ritaya, daga Nassarawa:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka haɗa abubuwa da yawa wuri ɗaya, amma guda ne a cikinsu ba ya jira, wato gajiya. Ka rubuta. Ranar da ka ji ba za ka iya ba, ka kira ka ce ba za ka iya ba, kafin ka sa hannu, ba bayan an rufe ƙofa ba. Lasisin da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ba ka sunanka ke kai, ba sunan manhaja ba.

A watan Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo a Amurka, mutum 50 suka rasu. Masu bincike sun ɗora babban laifin kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin, amma sun kuma gano mataimakiyarsa a hanya ta kwana, daga Seattle zuwa Newark, sannan ta kama aiki. Bayan nan ne aka sake dokar hutu a can, ta fara aiki a Janairun 2014: hutun aƙalla awa 10, da damar barcin awa 8 ba yankewa a ciki, kuma matuƙi ya tabbatar da kansa cewa ƙalau yake kafin ya tashi. Ka lura, damar barci suka ce. Tsayawa jiran motar otal, da cunkoson Ikeja, da neman abin da za ka ci ƙarfe ɗaya na dare, duk ba barci ba ne.

Sai dai ka rubuta shi da hankali. Kar ka zagi kowa, kar ka kawo zancen haɗewa. Lokacin da ka sauka, lokacin da ka shiga ɗaki, lokacin da aka tashe ka, shi ke nan. Ka aika wa sashen kula da lafiyar tashi, ka ajiye kwafi. Na ga mutuwar Nigeria Airways a 2003 da idona, kuma waɗanda suka adana takardunsu su suka fi samun abin riƙewa.

Ma'aikaciyar ofishin tsara rosta:
Yallaɓai Kyaftin ya gama magana kan gajiya. Ni ta ɓangarenmu zan zo. Manhajar ba ta san ka ba, abin da ka shigar kawai take bi, daga layin farko zuwa ƙasa. Yawancin waɗanda suka fito daga tsarin hannu sukan jera buƙatu rututu, kowace suna so, ita kuma da ta kasa cika su sai ta watsar, ta ba ka ragowa. Wanda ke ƙasan jeri abu ɗaya ya kamata ya nema da ƙarfi. Ka sa ranar asibitin Mama a layin farko, ka haƙura da ƙarshen mako, tunda shi manya ke rububi. Ranar Talata ko Laraba ba kasafai ake takara a kanta ba.

Ka duba agogon da rostarka ke bi. Da yawa da GMT suke nunawa, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, in ka ga 0430 to biyar da rabi ne a Kano. Ka kuma tambaya a rubuce ko an shigar da Kano a matsayin mazauninka. In Legas aka sa, ranakun hutunka a can ake ƙirga su, kai kuma kana cinye su a hanya. Kuma kar a ce maka na'ura ba ta kuskure. A ƙarshen 2017 tsarin American Airlines ya ba matuƙa da yawa hutun Kirsimeti a lokaci guda, dubban jirage suka rasa mai tuƙi, sai da kamfanin ya ƙara kuɗi aka dawo.

Wani injiniyan jirgi:
Ni dai shawarata haƙuri. Yara nawa suka gama makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya suna zaune da lasisi ba aiki? Ka lallaɓa har ƙura ta lafa.

Wakilin matuƙa a ƙungiya:
Malam injiniya, haƙuri kan kwanan Legas, na yarda. Amma ban da barci. In matuƙi ya gyangyaɗa, haɗarin har da jirgin da ka kwana kana gyarawa.

Ƙanena, batun jeri kuma ba naka ba ne kai kaɗai, kar ka je ofis ka yi ta jayayya a madadin kanka. Ku haɗu ku nemi a nuna muku ma'aunin da aka bi: ranar ɗaukar aiki ce, ko muƙami da irin jirgi, ko an cuɗanya jerin biyu ne bisa kaso? Kowanne akwai wanda yake dannewa. Ku kai wa NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgin sama. Sai dai ka shirya wa doguwar tafiya. US Airways da America West sun haɗe a 2005, mai sasanci ya fitar da jeri a 2007, matuƙan suka yi ta shari'a, har kamfanin ya sake haɗewa da American a 2013 ba su gama ba. Ka kuma tuna duk inda ka koma, a ƙasan jeri za ka fara, don ba a tafiya da shekarun aiki.

Matar wani kyaftin, daga Tarauni:
Ni abin da na sani na gida ne. Ranar da rosta ta fito, ka zauna da matarka da 'yan'uwanka ku raba ranakun Mama tun da wuri, kar ka ɗauka duka kai kaɗai. In ka dawo da asuba, a sa labule mai kauri, a karɓe wayarka, a gaya wa masu sallama ba ka tashi sai azahar. Dangi za su yi gunaguni da farko, daga baya su saba.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, lallai Legas aka sa mini. Baba Kyaftin, in na kira na ce na gaji suka ce doka ta ce na huta, me zan ce musu?

Kyaftin mai ritaya:
Kar ka yi musu kan lissafinsu. Ka ce ka ji, amma ba ka cikin yanayin tuƙi, a rubuta hakan, kuma rahotonka na tafe. Ka buɗe littafin ayyukan kamfani, sashen iyakar lokacin aiki da hutu, ka karanta shi yau da dare, ka riƙe lambar sakin layin da ya yi magana kan gajiya. Batun mazauni kuma ka aika takarda gobe da safe, ka sa wakilin ƙungiya a kwafi, kafin a rufe neman rostar wata mai zuwa.