Neman asalin kakan matata a Amurka, mun tsaya cak a ƙidayar 1870

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara daga duk wanda ya taɓa bin diddigin asalin wani a takardun gwamnatin Amurka. Ni mazaunin Maryland ne, maiɗakina baƙar fatar nan ce, mun jima muna ƙoƙarin haɗa salsalar gidansu saboda yara sun taso suna tambaya, ɓangarena ina iya jero musu kakanni da garuruwa har da sana'ar gidan, ɓangaren uwarsu kuwa ana zuwa kan kakar kaka sai a yi shiru. Mun shiga FamilySearch, shafin intanet na binciken asali, tunda kyauta ne, muka faro daga ƙidayar 1950 wadda aka saki a 2022 muna ja da baya har 1900, ta 1890 aka ce gobara ta cinye, muka tsallaka 1880 sannan 1870. A nan muka samu kakan nata a kudancin Virginia wajen Danville, an rubuta shekararsa 45, leburan gona, bai iya karatu ba, da mace ɗaya da yara biyar a gidan, babban yana da 16. Daga nan shikenan, kamar ƙasa ce ta tsage ya fito. Babu shi a 1860, babu shi a 1850, kuma mun san dalili, bawa ne. To akwai hanyar wuce wannan wurin ko haƙuri za mu yi? Burin madam ta san ko da sunan uwarsa ne, in Allah ya sa aka kai ga wanda aka sauke daga jirgi kuwa sai godiya.

'Yar Katsina a Richmond:

Wa alaikumus salam Baban Ummi, sannunku da ƙoƙari wallahi, inda kuka kai ɗin nan mutane da yawa basa kaiwa. Kada ku haƙura tukuna. 1870 ita ce ƙidaya ta farko da aka rubuta sunayen waɗanda aka 'yanta, a 1850 da 1860 takarda daban aka yi wa bayi, sunan ubangida a sama, ƙarƙashinsa layi-layi shekaru, namiji ko mace, launin fata, babu suna. Saboda haka daga yanzu ba shi za ku nema ba, wanda ya mallake shi za ku nema. Abin da ciwo amma haka yake, doka ta ɗauke su dukiya ne, to a takardun dukiya sunayensu suke.

Kun ma yi sa'a da Virginia ce. Daga 1853 zuwa 1896 jihar ta sa kowace ƙaramar hukuma, kawunti kenan, ta riƙa rubuta haihuwa da mutuwa har da na bayi, kuma a rajistar haihuwar ana sa sunan jariri da na uwarsa da na mai su. Yaron nan da ka ce yana da 16 a 1870 wajajen 1854 aka haife shi kenan, shi da ƙannensa da aka haifa kafin 1865 duk suna iya fitowa a ciki. Ku nemi sunan yaro haɗe da sunan uwa, in biyu ko uku suka fito ƙarƙashin mutum guda to kun samu ubangidan uwar. Na ce uwar fa, domin tun 1662 dokar Virginia ta ce ɗa uwarsa yake bi, kuma sau da yawa miji yana wani gandun matar tana wani, sai ƙarshen mako yake zuwa ganin iyalinsa in an bar shi.

Sannan ku koma shafin 1870 ɗin ku karanta maƙwabta, shafuka kaɗan gaba kaɗan baya, tunda mai ƙidaya gida-gida yake bi kuma da yawa basu yi nisa da gandun da suka yi bauta ba. Duk farar fatar da kuka gani da gona mai tsada a kusa ku rubuta sunansa. Daga nan sai kotun kawunti, wasiyya, lissafin dukiyar mamaci, rabon gado. A nan ne za ku ga sunaye da kuɗi a gabansu, a shafi ɗaya da dawaki da tukwane. Ni a ganina wanda ya fi duka amfani shi ne in magada sun yi rigima sun kai juna ƙara, domin a nan ake fayyace wance ce ta haifi wane, wa aka ba wa, wa aka sayar. Library of Virginia, ɗakin karatu da adana takardun jihar, sun ɗora da yawa daga irin waɗannan shari'o'in a intanet kyauta. Ku dai fara tabbatar da takardun kawuntin suna nan, wasu irin Hanover sun kai nasu Richmond ajiya lokacin yaƙin basasar Amurka suka ƙone a gobarar Afrilun 1865.

Ɗan Gwammaja:

Innalillahi, mutum da farashi kusa da doki. Allah ya isar musu. Amma yallaɓai me zai hana madam ta yi gwajin DNA ɗin nan kawai a huta? Na ji ance har ƙabila yana nunawa, wa ya sani ko kakan nata ma Bahaushe ne, kaga tuwona maina kenan.

Abu Safiyya:

Ɗan Gwammaja gwajin zai iya cewa kashi kaza Najeriya kashi kaza Kamaru da Kongo, amma ba zai ba ka suna ko gari ba, kuma ni ban yarda a ɗora salsalar gida kan alƙaluman da kamfanonin ke sauyawa duk sanda suka sabunta lissafinsu ba. Amfaninsa na gaske shi ne yana haɗa ka da 'yan uwa masu rai, wataƙila ka ga dangi a Mississippi ko Louisiana, jikokin waɗanda aka sayar kudu ne, Virginia ta fitar da mutane masu ɗimbin yawa ta wannan hanyar.

Batun jirgi kuma Baban Ummi gara in faɗa maka tun yanzu don kada madam ta sa rai da yawa. Virginia ta hana shigo da bayi daga waje tun 1778, ƙasar baki ɗaya ta hana a 1808, to mutumin da aka haifa wajajen 1825 a can zai yi wuya a ce iyayensa ne aka kawo, sai dai kakanni ko sama da haka, kuma takardun jiragen adadi suke rubutawa ba suna ba. Cikin mutum kusan miliyan 12.5 da aka loda daga Afirka, wajen 388,000 ne aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa, kuma kaso mafi girma na waɗanda aka kai Virginia ta tashoshin Bonny da Kalaba suka fita, yawancinsu mutanen ƙasar Ibo. Hausawan da aka tsallaka da su sun fi yawa ne bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo 1804, kuma Bahia ta Birazil aka fi kai su.

Baban Ummi:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Hajiya mun duba maƙwabtan, matsalar ita ce sunan gidansu bai zo ɗaya da na kowane farar fata a wajen ba, ko guda. Hakan na nufin daga wani wuri ya zo? Kuma gaskiya madam da ta buɗe takardar 1860 ɗin ta ga layukan nan babu suna sai da ta yi kuka, yanzu ni nake dubawa in gaya mata.

'Yar Katsina a Richmond:

Allah sarki, ka gaishe ta, ka ce ta bi a hankali, ba dole sai ta kalli komai da idonta ba. Batun suna kada ya dame ka, ba kowa ne ya ɗauki sunan ubangidansa na ƙarshe ba, wani na ubansa ya riƙe, wani na gidan da aka haifi kakarsa, wani kuma da kansa ya zaɓa bayan 'yanci. Wani lokacin ma sunan kan nuna tsohon gidan da aka rabo da su ne, to ka neme shi a kawuntocin da ke kewaye.

Akwai takardun da mutanen suka yi magana da bakinsu, su za ka bi yanzu. A 1866 Virginia ta halatta auren tsofaffin bayi, jami'an Freedmen's Bureau, hukumar da gwamnati ta kafa don kula da 'yantattun bayi, suka riƙa rubuta miji da mata da shekarunsu da inda aka haife su da ubangidan kowannensu na ƙarshe da sunayen yara, ba na kowane kawunti ne ya tsira ba amma in naku yana nan aiki ya yi sauƙi. Hukumar ta kuma rubuta yarjejeniyar ƙodago tsakanin masu gona da 'yantattu, da yawa suna FamilySearch. Akwai bankin 'yantattu da ya yi aiki daga 1865 zuwa 1874, mai buɗe asusu yakan faɗi sunan uwa da uba da 'yan uwa, ko shi bai buɗe ba wataƙila ƙaninsa da ya tafi Richmond aikin kamfanin taba ya buɗe. In kuma wani a dangin ya yi soja a rundunar baƙaƙen fata ta Arewa, fayil ɗin fanshonsa yana National Archives, ma'ajiyar takardun gwamnati a Washington, kusa da kai ne ma.

Sunan uwarsa da madam ke so kuwa, ka duba rajistar mutuwa ta kawuntin, akwai gurbin sunan iyayen mamaci. In kun gan shi a 1880 amma babu shi a 1900 to akwai yiwuwar ya rasu kafin a daina rubutawa a 1896, ka bi shekara-shekara daga 1880 ɗin, kuma ka gwada rubuta sunan ta hanyoyi daban-daban don magatakardan yadda suka ji suke rubutawa.