Shin kirifto magajin kwabban magudanan jiragen ruwan Ingila ne?

Nura: Assalamu alaikum. Ina shirya aikin fasahar da zan baje a ƙarshen karatuna a nan Ingila, kuma ina roƙon ku auna mini hujjar da na ɗora shi a kai. Zan ƙera kwabban jan ƙarfe, fuska ɗaya da hoton bakin kogon Sapperton, wato ramin da aka haƙa ta ƙarƙashin tudu don jiragen ruwa su wuce, kamar yadda yake a jikin rabin kwabon kamfanin magudanar Thames da Severn (hanyar ruwan da aka haƙa don jiragen kaya) na 1795, ɗaya fuskar kuma da adireshin asusun Bitcoin. Daga 1775 gidan buga kuɗi na masarauta ya daina fitar da kwabban jan ƙarfe, canji ya yi wuya har masu masana'antu suka rasa abin biyan leburori, sai kamfanin haƙar ma'adinai na Parys da ke Anglesey ya buga nasa a 1787, wasu da yawa suka bi sahu. Da'awata ita ce kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, maimaicin wannan tarihi ne: gwamnati ta gaza, jama'a sun ƙera kuɗinsu.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam. Malam Nura, aikin zai ƙayatar, amma hujjar tana da rauni, kuma raunin yana rubuce a jikin kwabon da ka zaɓa. A gefensa an buga cewa ana biyansa a tashar Brimscombe, wato ofishin kamfanin, inda ake sauke kaya daga manyan jiragen kogin Severn a loda su a waɗanda za su bi ta Thames. Ma'ana, akwai wanda ya ɗauki alkawari, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan ya saɓa. Bitcoin kuwa an tsara shi tun 2009 ne domin kada a sami irin wannan ƙofa, ba kamfani, ba ofishi, ba wanda ake bin sa bashi. Idan ka liƙa su baya da baya, ka haɗa takardar bashi da abin da aka ƙirƙira don a rabu da takardar bashi.

Hajiya Rabi: Na yarda da Injiniya a kan Bitcoin, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Kirifto ba iri ɗaya ba ne. Wanda 'yan kasuwarmu suka fi riƙewa, wato USDT, alkawari ne na kamfani mai zaman kansa cewa kowane ɗaya dala ɗaya ce, kuma ƙarfinsa bai wuce gaskiyar abin da kamfanin ya ce yana ajiye ba. Wannan shi ne ainihin ɗan'uwan kwabon Brimscombe. Shi kuwa Bitcoin, idan ana neman danginsa a wancan zamani, a duba hannun jarin magudanan. Bayan magudanar Bridgewater ta 1761 ta karya farashin kwal a Manchester, mutane sun yi rububin zuba kuɗi a kowace sabuwar magudana, musamman wajen 1793, wasu ba don sun san inda ruwan zai bi ba, sai don sun ji maƙwabci ya samu. Ƙanena Nura, ina ganin a nan labarinka yake.

Nura: Hajiya, na gode, amma kada mu mayar da mai fasaha akanta. Ba lallai ne kwatancina ya dace ta kowace kusurwa ba, aikina shi ne in sa mai kallo ya tambayi kansa dalilin da ya sa ya amince da abin da ke aljihunsa. Mai zanen nan ɗan Ingila Damien Hirst ya yi haka a 2021 da zane 10,000 masu ɗigo-ɗigo, ya ba masu saye shekara guda su zaɓi takarda ko shaidar mallaka ta intanet. 5,149 suka zaɓi takarda, 4,851 suka zaɓi shaidar, aka ƙona takardun waɗannan a 2022. Babu wanda ya nemi ya kawo hujjar tattalin arziki.

Malama Saratu: A nan ne na rabu da kai, Malam Nura. Shi Hirst da zanensa ya yi gwajinsa, bai aro rayuwar kowa ba. Kai kuwa kana ɗauko tarihin mutanen da suka haƙa kogon Sapperton mai tsawon kusan kilomita 3.5 da diga da albarushi a hasken kyandir, kana cewa sun ƙera kuɗinsu. Ba su suka ƙera ba, iyayen gidansu ne. Ka dubi sulen magudanar Basingstoke mai ɗauke da shekarar 1789: baro da shebur da diga ne a jikinsa, amma sunan da aka buga na ɗan kwangila ne, John Pinkerton. Leburan da aka biya da kuɗin ubangidansa ba ya iya kashe shi sai inda ake karɓa, kuma sau da yawa a masana'antun ƙasar wurin shi ne kantin ubangidan, abin da ya sa majalisa ta yi dokar 1831 mai tilasta a biya ma'aikatan sana'o'i da dama da kuɗin ƙasa. Abin yana damuna ƙwarai, domin masu tallar kirifto ma da kalmar 'yanci suke jawo matasa, alhali idan kasuwa ta rushe, kamar yadda kuɗin kirifto na Terra ya yi a watan Mayun 2022 da dandalin cinikin kirifto na FTX a Nuwamban shekarar, ƙananan masu ajiya ne ke kwana a ciki.

Injiniya Kabiru: Malama ta kawo abin da ya fi nawa nauyi. Zan ƙara yadda labarin ya ƙare, tunda da'awar ta ce gwamnati ta gaza. A 1797 gwamnati ta ba Matthew Boulton kwangilar buga kwabban masarauta da injin tururi a masana'antarsa ta Soho kusa da Birmingham, kuma a 1817 aka haramta na 'yan kasuwa da doka. Wato gwamnati ta karɓi fasahar da masu zaman kansu suka goge, sannan ta rufe musu ƙofa.

Hajiya Rabi: Akwai kuma ɓangaren da zai yi wa Nura daɗi. Tun a shekarun 1790 masu tara kayan tarihi suka faɗa wa waɗannan kwabbai, James Conder na Ipswich ya jera su a kundi a 1798, har maƙera suka riƙa buga 'yan ƙalilan da gangan, suna haɗa fuskokin da ba su da alaƙa, domin su yi tsada. Waɗannan ba a taɓa sayen burodi da su ba. Idan kana neman kakan shaidar mallakar da Hirst ya sayar, ga shi nan, kuma kwabonka mai fuska biyu ma cikin wannan zuri'a zai faɗa.

Nura: Wannan na karɓe shi, kuma zan cire adireshin Bitcoin. Amma Malama Saratu, ban yarda cewa duk kuɗin gari tarko ba ne. Brimscombe tana dab da Stroud, garin da mazaunansa suka fitar da nasu kuɗin gari, fam na Stroud, a 2009 domin ciniki ya tsaya a shagunan gari, ba tare da wani ɗan kwangila a kansu ba. Ina son wannan ma ya shiga aikin.

Malama Saratu: Ka shigar da shi, amma ka nuna cewa bai daɗe yana yawo ba, kuma kowa da son ransa ya karɓa, ba a matsayin ladan aiki ba. Sharaɗina ɗaya ne: fuskar da ka cire Bitcoin daga kanta, ka ba leburan, kuma a gefen kwabon ka rubuta inda mai riƙe da shi zai je a biya shi.