Wace kalma za mu sa wa "standard form" a darasin lissafi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. A aji biyu na ƙaramar sakandare ake koya wa yara rubuta 45,000 a matsayin 4.5 × 10⁴. Da wane suna za mu kira wannan da Hausa? Ina ganin "taƙaitaccen rubutun lamba" ya yi.

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam. Malam, "taƙaita" zai ɓatar da yara. Wanda ya ji taƙaitawa zai ɗauka an yarje masa ya zubar da wani abu, sai ya mayar da 305,000 zuwa 3.5 × 10⁵, ya yar da sifilin tsakiya, alhali amsar 3.05 × 10⁵ ce. Sifilan ƙarshe kaɗai ake yarwa. Ban da haka ma, ba kullum rubutun ke gajarta ba: 8 ita ce 8 × 10⁰, ka ga ai tsawo ta ƙara.

Malama: To "dunƙulalliyar lamba" fa? Dunƙulewa ba ta rage komai, kuma ga kishiyarta a shirye, wato warwarewa. A ce wa yaro ya dunƙule 150,000,000, kusan nisan rana daga duniya a kilomita, ya samu 1.5 × 10⁸, sannan ya warware ta ya ga ko ta koma yadda take.

Malamin lissafi: Aikatau ɗin sun yi daidai, Malama, amma sunan bai kama ƙa'idar ba. 45 × 10³ ma ai dunƙulalliya ce, darajarta 45,000 cif, amma mai duba jarrabawa ba zai karɓa ba. Sharaɗin shi ne lambar da ke kafin alamar × ta kai 1 amma kada ta kai 10. Siga ɗaya tak aka amince da ita, shi ya sa na fi son "daidaitacciyar siga", kamar yadda muke cewa daidaitacciyar Hausa.

Matakan kuwa: a ɗauka akwai ɗigo a ƙarshen cikakkiyar lamba, a dawo da shi bayan alƙalamin farko, a ƙirga alƙaluman da ya tsallake, adadinsu shi ne ƙaramar lambar da ke saman goma. Yawancin kuskure daga ƙirga sifilai yake zuwa. A 7,000,000 dabarar na tafiya, sifili shida, 7 × 10⁶, yaro ya ɗauka ya gane. Ranar da aka ba shi 45,000 sai ya ƙirga uku ya rubuta 4.5 × 10³, wato 4,500.

Mai tambaya: Saura karanta 10⁴ da baki. "Goma bisa huɗu"?

Malama: A'a! "Bisa" ta kaso ce, ɗaya bisa huɗu rubu'i ke nan. "Goma sau huɗu" kuma 40 ce, kuskuren da muke yaƙi da shi tun farko. A ce "goma hawa huɗu", kowane hawa ninki goma: 10, 100, 1,000, 10,000. Kuma a nuna musu cewa E ɗin da wasu kalkuleta ke nunawa, kamar 1.5E8, wannan hawan take nufi.

Mai tambaya: Mun tsaya a nan: suna "daidaitacciyar siga", aiki "dunƙule" da "warware", karatu "goma hawa kaza". Sai dai 10⁰, "hawa sifili", yana buƙatar nasa bayanin, don yara da yawa 0 za su ce maimakon 1.