Neman shawara: na dawo gida, kuma zuciyata ta karkata ga kiwon shanun madara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan da dawowata Daura bayan shekara 14 ina aiki a ƙasar Holan, kuma har yanzu ban zauna daidai ba. Idan na faɗi ra'ayina a taron dangi sai a ce Bature ya fara, 'ya'yana kuwa Hausarsu ba ta kai su yi hira da kakarsu ba, wanda shi ne ya fi komai yi mini ciwo.

Makon jiya abokina ya kai ni wata gonar madara a hanyar Mai'adua. Mun isa bayan sallar asuba ana tatsa, na tsaya ina kallon makiyayi yana wanke hantsar saniya da ruwan ɗumi, ɗan maraƙinta na ɗaure a gefe yana kuka, ga ƙanshin dusa da harawa ya cika garken. Tun da na dawo ban sami natsuwa irin ta wannan safiya ba. Ina so in sa abin da na tara in sayo shanu goma irin Friesian da na saba gani a can, amma Baffana ya ce kada in zuba gumina a sana'ar da ban gada ba. Mene ne shawararku?

Wani likitan dabbobi daga Katsina: Wa alaikumus salam Alhaji, barka da dawowa. Saniyar da ka gani a Holan tana ba da lita 25 zuwa 30 a rana ne saboda sanyi, da ciyawa mai kyau, da ruwa wadatacce. Idan ka kawo ta nan, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 zai rage mata ci, nonon ya ja baya, ga kaska da boru (ciwon baki da kofato) da ciwon huhu suna jiranta. Bunaji, farar saniyarmu ta gida, ba ta cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba, amma tana jure wahala, shi ya sa ake haɗa irin biyu a sami ruwa-biyu, kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika a Zariya ta daɗe tana wannan aiki. Ka je can ka gani da idonka. Kafin ka sayi ko saniya ɗaya, ka fara da rijiyar burtsatse, da rumfa mai inuwa, da gonar ciyawa, sannan ka tanadi harawa da angurya tun da kaka, lokacin da suke da araha. Shanu uku ko huɗu sun isa mafari.

Wata Hajiya mai sana'ar kindirmo: Ɗana, wa za ka sayar wa? Madarar da aka tatsa da safe, idan ba a dafa ta ko an sanyaya ta ba, kafin azahar ta juya, kuma ka san halin wutar lantarkinmu. Ka nemi masu fura da masu yogot ku yi magana tukuna, ka kuma sa kuɗin firji da sola cikin lissafinka.

Wani da ya dawo daga Ingila: Yayana, ni abin da ya ja hankalina shi ne natsuwar da ka ambata. Lokacin da na dawo na yi gaggawar kafa sana'a domin in ji cewa ina da wurin zama a garinmu, na yi asara mai yawa saboda ban san mutane ba tukuna. Ka roƙi mai gonar nan ya bar ka ka riƙa zuwa har damina da rani su zagayo, ka ga yadda shanun suke a watan Maris lokacin da ciyawa ta ƙare. Ka riƙa tafiya da yaran, domin a bakin makiyaya za su tsinci Hausa da sauri. Baffa kuma kada ka yi musu da shi. Ka ɗauke shi ku je kasuwar Mai'adua tare, shi ya san dillalan da ba za su cuce ka ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mai gonar ya amince, ranar Asabar zan koma da yaran in sha Allahu. Likita, don Allah a wane wata ya fi dacewa a shuka ciyawar?