Lissafin kasuwanci a waya, ya ake tsare shi?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, duk lissafin kasuwancina da sunayen masu bashi a waya nake rubutawa, jiya ta faɗa ruwa hankalina ya tashi, Allah ya taimaka ta kunnu. Ya zan yi?

Amsa ta 1: Hajiya ki riƙa ajiye kwafi a Google Drive (ma'ajiyar Google ta intanet), ko wayar ta mutu lissafinki na nan, amma kar ki yar da littafi saboda ranar da babu sabis ko caji.

Amsa ta 2: Ni sata ta fi damuna wallahi, ki sa wa layinki PIN don ɓarawo yana iya cire sim ya sa a wata waya ya karɓi lambar OTP ta banki, wato lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo. Ki danna *#06# ki rubuta IMEI, wato lambar shaidar wayarki, ki adana.

Mai tambaya: Na gode Malam, yanzu zan sa.