Neman kalma: me za mu kira sake cika kwanson harsashi?

Mai tambaya, Bauchi: Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta bayani da Hausa a kan yadda Amurkawa ke hulɗa da bindiga, na zo wani wuri na cije. Akwai masu wasan harbin saiti a can da ba sa yar da kwanso bayan sun harba. Sai su tsince shi, su wanke, su sake zuba masa albarushi, su ɗora masa sabon kai wanda su da kansu suka narka dalma suka yi. Sunan aikin a bakinsu reloading. Dokarsu ta yarda mutum ya yi don amfanin kansa, har akwai kamfanoni irin su Lee da Lyman da RCBS da ke sayar musu da kayan aikin. Mu nan ba haka abin yake ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun bindigogi, ƙera harsashi kuma ba a bar wa ɗaiɗaikun mutane ba, akwai DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati, a Kaduna tun 1964. Saboda haka ba koyar da kowa zan yi ba, suna kawai nake nema. Idan na rubuta "rilodin" babu wanda zai gane a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, idan na ce "sake loda bindiga" kuma na yi ƙarya, don ba bindigar ake lodawa ba.

Malamar Hausa, Gombe: Wa alaikumus salam. Malam, matsalarka ta fara tun kafin ka iso nan. Mu duk abin da ya fito daga bindiga ko ya shiga cikinta harsashi muke ce masa, 'yan jarida kuma yau su ce harsasai, gobe su ce alburusai, duk a kan abu guda. Alhali abin da ake sa wa fistol gaɓa huɗu ne: kwanson tagulla, albarushin da ke ciki, ɗan abin da ke tayar da wuta a ƙasan kwanson, sai kan da ke tashi ya tafi. Kalmar harsashi daga Larabci muka aro ta, rasas, kuma ma'anarta ta asali dalma ce. Ka ga ashe a kan wancan kan mai tashi ta fi zama daidai. Albarushi kuwa daga barud ne, wato garin da ke kamawa da wuta. Sai ka raba waɗannan tukuna sannan sunan aikin zai fito.

Dattijo maharbi, Alkaleri: Ku 'yan boko kuna wahalar da kanku. Ɗuri ake cewa. Tun muna yara muke ɗura bindiga: a zuba albarushi ta baki, a tura ɗan tsumma ko ƙaiƙayi a danne da sanda, sannan a zuba harsashi a sake dannewa. In maharbi ya ce maka "a ɗure take", to ka kauce daga gabanta. Wace kalma kuma ake nema?

Mai tambaya: Allah ya ƙara girma, Baba. Ɗuri ya shige ni ƙwarai. Sai dai ku bindigar kuke ɗurawa, domin adaka ba ta san kwanso ba. Su kuwa kwanson suke ɗurawa, a kan teburi, wataƙila ma bindigar na kulle a wani ɗaki. Kamar kwalbar lemo ce da ake mayar wa kamfani a sake cikawa. To ko mu ce "ɗurin kwanso"?

Dattijo maharbi: Ɗana, in dai ɗurin na nan, ka rataya masa abin da ka ga dama.

Tsohon soja, Yelwa: Ɗurin kwanso ya yi, amma bari in kawo abin da zai dame ku gaba. Ƙaramar bindigar da kake magana a kanta, irin mai cin harsashin milimita 9 da Georg Luger ya fito da shi a Jamus a farkon ƙarni na 20, ko M1911 ta John Browning da sojan Amurka suka karɓa a 1911, kada ka kuskura ka ce mata "mai sarrafa kanta". Wannan sunan a rediyo ya riga ya zama na su AK-47, wadda in ka danne kunama za ta yi ta amai har sai ka saki. Fistol ba haka take ba. Ja ɗaya, harbi ɗaya. Abin da take yi da kanta shi ne, ƙarfin harbin ya tura saman bindigar baya, ya tofar da kwanson da ya ƙone, sifirin ya dawo da shi gaba ya kwaso sabo daga gidan harsashi ya cusa. Tunda Baba ya ba mu ɗuri, ni sai in ce "mai ɗura kanta". Libarba ba ta cikin wannan, ita ganga gare ta mai juyawa.

Kuma a nan ne harsashin dalma zalla yake ba masu shi aiki. Na kamfani yawanci an yi masa riga da jan ƙarfe, yana da santsi da tauri. Dalma kuwa laushi gare ta. In ta yi laushi da yawa sai ta riƙa barin saura a cikin zanen da ke cikin bututun bindiga, ka haska ka ga ya yi dusu-dusu da toka-toka, saiti ya fara kaucewa. Shi ya sa suke gauraya ta da kuza da wani ƙarfe don ta yi tauri, su shafa mata maiƙo ko fenti. Siffar bakin harsashin ma tana da magana, domin in bai hau ya shige salin-alin ba, bindigar ta cije. Kamfanin Glock ma gargaɗi yake yi kada a sa wa bindigoginsa harsashin da aka sake ɗurawa.

Malamar Hausa: "Mai ɗura kanta" ta burge ni fiye da abin da aka zo nema. Gajera ce, kuma ta faɗi abin da bindigar ke yi ba tare da ta ƙara mata abin da ba ta yi ba.

Maƙeri, Azare: Ranku ya daɗe, ku bar mini ɓangaren narkawa. Kada wanda ya ce "ƙerarren harsashi". Ƙira da guduma da uwar maƙera ake yi. Abin da aka narka aka kwarara cikin rami ya daskare ya ɗauki siffar ramin, zubi ne, yadda muke zubin tukunya da ludayi da gorar ruwa. Ana buɗe mazubin za ka ga ɗan siririn layi a jikin abin, inda ɓangarori biyu suka haɗu, da ɗan cibi a inda ƙarfen ya shiga wanda sai an yanke. Duk mai sana'a yana ganin wannan layin ya san zubi ne. Harsashin zubi ke nan, abin da ake zubawa ciki kuma mazubi.

Mai tambaya: Madalla, Sarkin Maƙera. Tsorona ɗaya, kada mata su ji "zubi" su ɗauka adashe ake magana.

Malamar Hausa: Mun fi ƙarfin haka, Malam. Ni abin da zan roƙa, kada a jefar da dalma daga sunan don neman gajarta. A ce "harsashin zubin dalma". Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, abin da garwashi ma yana iya kai wa, shi ya sa mutane ke raina ta. Amma ƙurarta guba ce, kuma yara ta fi kamawa. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Bahaushe yana jin "dalma" yanzu gabansa zai faɗi, to a bar kalmar ta yi aikinta.

Tsohon soja: Saura ɗan abin da ke ƙasan kwanso, wanda allurar bindiga ke sara ya ba da tartsatsi. Iri biyu ne tun 1866: na Boxer, Baturen Ingila, da na Berdan, Ba'amurke. Abin dariya, Amurkawa na Baturen Ingilan suka runguma, domin rami ɗaya gare shi a tsakiya, cire shi ba wuya, shi ya sa ɗurin kwanso ya yi kasuwa a can. Na Berdan kuma ya yaɗu a harsasan sojan Turai da Rasha. Ni dai a bariki da sunan Turancinsa, primer, muka san shi.

Maƙeri: Ƙyastu mana. Da me kakanninmu ke tayar da wuta in ba sara ƙarfe a kan dutsen ƙanƙara ba?

Malamar Hausa: Yaran yanzu ba su san ƙyastu ba. "Kan ashana" za su fi saurin ganewa.

Mai tambaya: To ga abin da zan rubuta. Aikin: ɗurin kwanso, mai yin sa kuma mai ɗurin kwanso. Kan da aka narka: harsashin zubin dalma. Bindigar: fistol mai ɗura kanta. Gaba ɗayan abin da kwansonsa da albarushinsa zan ce "cikakken harsashi" a duk inda ruɗani zai iya shiga. Na ƙasan kwanso na ɗauki ƙyastu, Malama ki yi haƙuri, ashana gogawa ake yi, wannan kuwa sara ne. Zan yi masa bayani layi ɗaya a karon farko saboda yaran naki.

Dattijo maharbi: Ka rubuta cewa ɗurin daga Alkaleri ya fito.